Kada Ki Yanke Ta Yanzu

A Dingle, inda ƙasar Ireland ta ƙare teku ya karɓa,
Gobnait ta gaji gida, da keke mara birki,
da shingen fushiya mai tsawon taki arba'in.
Fushiya sunanta, amma ban san tsiro
mai ƙarancin fushi kamarta ba.
Iskar gishiri ta kwana tana marin ta,
gari ya waye tana lilo da 'yan kunnenta,
ja wur daga waje, shunayya a ciki,
ƙudan zuma na rataye da su kamar mai leƙen rufin ɗaki.

Sai Nuwamba.
Dare ɗaya jaura ta sauka,
furanni suka zube kamar an kwance tsakiya,
ganye ya yi baƙi, ya yi laushi, ya bi su.
Abin da ya rage tsinke ne, tsirara, launin toka.
Gobnait ba ta son ganin gawa a ƙofar gida.
Ta ɗauko almakashi.

Muiris na tsallaken katanga, gwiwa ɗaya ta daina yi masa biyayya,
ya ɗaga sanda: Kada ki yanke ta yanzu.
Busassun karan nan su ne bargonta.
Kowane yanka ƙofa ce, sanyi kuwa ba ya sallama.
Je ki bakin ruwa ki kwaso ciyawar teku,
ki bar ruwan sama ya wanke mata gishiri,
ki lulluɓe gindin, kaurin tafin hannu.
Sauran aikin, zama ne.

Ta riga ta datse uku na bakin ƙofa.
Ta ajiye almakashin tana ƙunƙuni.

Zaman ya yi tsawo.
Disamba, rana na leƙowa kamar mai bin bashi ta koma.
Janairu ya ɗauke kwanon rumfar kaji.
Fabrairu aka kai Muiris asibiti a Tralee,
hayaƙi ya daina fita daga rufinsa.
Kullum da safe, kofin shayi a hannu,
tana duban shingen ta taga:
itacen wuta kawai, in ji zuciyarta.

Afrilu ta fito da shebur, ta gama shawara.
Ta sa ƙafa za ta danna, sai ta tuna
abin da tsohon ya yi da babban yatsansa.
Ta kankare ɓawo can sama: busasshe.
Ta sauko kamu ɗaya: busasshe.
Ta durƙusa, laka ta shiga mata takalmi,
ta kankara dab da ƙasa.
Kore shar. Danshi a farce.
Ta yaye ruɓaɓɓiyar ciyawa,
ga toho jajaye, ƙanana kamar haƙoran ɓera.
Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Ranar ce ta almakashi.
Ta bi kara ɗaya ɗaya, tana yankewa a saman ido mai rai.
Ukun bakin ƙofa, biyu sun farfaɗo a makare,
ɗaya bai tashi ba har yau.

A Yuni ta tsinke kan wani reshe mai taushi,
ta zare ganyen ƙasa, ta soka shi a gwangwanin wake,
ta aje inda rana ba ta kai masa duka.
Mako uku ya kama.
Ta hau bas da shi a cinya, awa guda da 'yan mintoci.

Muiris ya juya gwangwanin a hannu mai rawa.
Bai ce an gode ba.
Ya ce, in za ki dasa, ki binne ta da zurfi,
yatsa uku fiye da yadda take nan.
Abin da ke ƙasa shi ke dawowa.
Sannan ya tambayi kajinsa.